Yaron da Ya Fi Ni Turanci

Litinin, 4 ga Satumba

An koma makaranta. Shekara ta talatin da huɗu ke nan ina shaƙar alli. Ajin ƙarshe aka sake ba ni, su ashirin da shida, masu zama matura a watan Mayu, jarrabawar da in yaro ya faɗi ta, shi da jami'a sai dai ya hango ta daga nesa.

Shugabar makaranta, Halina, ta tare ni a matakala tana wani murmushi, wai ta kawo mini kyauta. Kyautar yaro ne, Tymon Wrona. A Ingila aka haife shi, can ya girma, bara uwarsa ta dawo da shi nan Poland saboda kakarsa ta kwanta ciwo. "Danka, bana kin huta," in ji ta. "Wannan ko barci yake yi zai ci Turanci."

Ya zauna a kujerar baya, ya miƙe ƙafafu har tsakiyar hanya. Ko biro bai zo da shi ba.

Talata, 12 ga Satumba

Ya yi mini dariya. A gaban aji.

Ina karanta musu labarin da ke shafi na tara, sai na ga ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. Na ce mene ne abin dariya, a ba mu mu ma mu dara. Ya ce, "Ba komai, Malama. Kawai ban taɓa jin mutum mai rai yana magana haka ba." Jagoda da ke kujerar gaba ta sunkuyar da kai kamar ita aka zaga.

Na ci gaba da karatun. To me zan ce? Rashanci na karanta, shi na fara koyarwa, rana ɗaya aka ce an daina yayinsa, duk mai son aikinta ta koma Turanci. Da kaset na koya, ina wanke-wanke ina maimaitawa bayan muryar wata 'yar Ingila da ban taɓa gani ba. Ƙasar tasu ma sau ɗaya na je, kwana biyar a motar bas, ruwa ake yi har muka dawo. Amma yaran da suka faɗi matura a hannuna duk shekarun nan ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wannan kuma wa zai gaya masa?

Na ba Leszek labari da yamma. Maigidan nawa yana shan miyar kabeji, ko ɗagowa bai yi ba. "To ai gaskiya yaron ya faɗa," wai. Na ɗauke kwandon burodin daga gabansa.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Yau ma barci ya yi. Aikin gida ko ɗaya bai kawo ba tun da aka koma. Na zuba masa ido. Mu je zuwa.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Jarrabawar gwaji, babbar takarda, awa biyu da rabi. Sauran yara suna ta gumi suna cizon biro. Shi gogan naka minti saba'in ya yi ya miƙe, ya ajiye takardarsa, ya fita yana fito a baranda.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Talatin da huɗu cikin ɗari!

Sai da na ƙirga sau uku. Talatin da huɗu. Jagoda, wadda in ka ce mata ina kwana da Turanci sai ta nemi inda za ta ɓuya, ta ci hamsin da ɗaya. Allah ya yafe mini, rawa na taka a kicin ni kaɗai da jan biro a hannu.

Ga abin da ya faru. Duk amsoshin zaɓi ya zagaye su daidai a cikin takardar tambayoyi, ko ɗaya bai kuskure ba. Amma katin amsa da ke shafin ƙarshe, wanda ake kwafe amsoshin a kai, fari fat ya bar shi. Na'ura kuwa katin nan kaɗai take karantawa, ba ruwanta da abin da ka zagaye a ciki. Rabin maki ya tafi ke nan. Sannan insha'i, an ce kalma ɗari biyu zuwa ɗari biyu da hamsin, ya zuba ɗari biyar da wani abu, kuma abu biyu aka tambaya, ɗaya ya amsa. Na yi masa maki yadda masu duba matura za su yi masa, ban ƙara ba ban rage ba.

Da na raba takardu sai na bar tasa ƙarshe. Na taka har kujerar baya a hankali, na ajiye masa. Ya duba, ya juya ta, ya sake dubawa. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "Ai kuskure ne wannan, Malama." Na ce ƙwarai kuwa kuskure ne, amma ba nawa ba. Yara suka fashe da dariya.

Na ci abincin rana na ƙara. Leszek ya ce rabon da ya gan ni da irin wannan fara'a tun ranar da aka yi wa maƙwabcinmu tarar mota.

Juma'a, 1 ga Disamba

Uwarsa ta zo. Ilona sunanta, siririya, da rigar aikin gidan burodi a ƙarƙashin kwat. Na shirya mata baki, ina jiran ta ce na zalunci ɗanta. Ba ta ce ba. Ta zauna a bakin kujera tana murza safar hannu.

Uban yana can Ingila, yana lodi a wani katafaren sito. Sun yi yarjejeniya da shi: in Tymon ya sami gurbi a jami'a a Lublin, a sashen horar da tafintoci, ya zauna nan ya yi karatu. In bai samu ba, a watan Agusta ya koma wurin uban, an riga an yi masa maganar aiki a siton. Gurbin kuwa sai da casa'in ko sama a babbar takardar Turanci, don sauran darussan da ƙyar yake haye su. "Malama, Turancin nan shi kaɗai gare shi," in ji ta. "In ya tafi ba zai dawo ba, na san halin ubansa."

Na ce mata ai umarnin yana nan rubuce da manyan baƙaƙe, da harshenmu, a ƙasan kowane shafi: kwafe amsoshinka a kati. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, wai karatun harshenmu yana yi masa wuya, sai ya bi da yatsa, shi ya sa in ya ga umarni yake tsallakewa don kada yara su gani. Ta roƙe ni kada ya san ta faɗa.

Bayan ta tafi na zauna a ɗakin malamai ina tunani. Yaranmu tun suna aji takwas suka san katin nan, sun zauna jarrabawa da shi, babu malamin da ke ɓata bakinsa a kai. Shi lokacin yana Ingila. Wata uku yana ajina ban taɓa nuna masa ba.

Duk da haka shi ya yi barci, ba ni ba.

Talata, 5 ga Disamba

Na tsayar da shi bayan an tashi. Ya tsaya a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa ɗaya, yana shan ƙamshi.

Na ce masa Turanci ya fi ni, ko kurma ya san wannan, ba sai ya rufe baki yana dariya ba. Amma matura ni na fi shi, shekara talatin muna tare da ita, na san inda take ɓoye tarkonta. Talata da Alhamis ƙarfe uku, nan ɗakin. In ya ga dama.

Ya ce, "Me za ki koya mini?" Na ce zama. Ya ɗauka wasa nake.

Na kafa masa sharaɗi kuma: kowace Laraba zai ɗauki Jagoda da mutum huɗu masu rawar baki su yi hira da Turanci na rabin awa, don jarrabawar baka. Ya ce in sun ƙi magana fa? Na ce sai ya san yadda nake ji.

Alhamis, 14 ga Disamba

Ya zo, sau uku ke nan. Na kawo agogon tebur daga gida na dasa a gabansa. Awa biyu da rabi, ko ya gama ko bai gama ba, ɗuwawunsa ba za su bar kujera ba. Na buga masa kwafin katin amsa guda ɗari, Halina har tana ƙorafin takarda. In ya gama, sai ya kwafe a kati, ya bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ƙirga kalmomin insha'i da fensir, ya rubuta adadin a gefe.

Umarnin kuwa ni nake karanta shi da ƙarfi, wai don idona ya tsufa ina son in tabbatar. Yana bina da ido a kan layin.

Kai, yaron nan ba ya iya zama! Ya karkaɗa ƙafa, ya ƙirga fitilu, ya roƙi fitsari sau biyu. "Malama, wannan ai kurkuku ne." Na ce kurkuku ana ba da abinci, nan babu. Amma na ba shi rabin burodina da cuku.

Litinin, 8 ga Janairu

Saba'in da biyu. Ya manta layi ɗaya a katin, duk na ƙasa suka goce. Na sa shi ya cike kati biyar a jere.

Asabar, 27 ga Janairu

Rawar kwana ɗari, bikin da ake yi wa 'yan ajin ƙarshe in matura ta rage saura kwana ɗari. 'Yan mata da dogayen riguna, samari an shaƙe su da kwat kamar masu zuwa biso. A rawar buɗe taro kowane malami ɗalibi ne ke jan hannunsa, kuma waɗannan 'yan banzan yaran suka haɗa baki suka ba ni Tymon. Bai iya takun ba. A na uku ake ɗan rusunawa, shi a na biyu yake yi. Ya taka mini ƙafa sau huɗu, ina ƙirga masa ƙasa-ƙasa, ɗaya, biyu, uku, kamar ɗan yaye. Ya ce, "Malama, ke komai sai an ƙirga?" Na ce komai.

Yaran sun gaya masa daga yau babu aski sai an gama matura, in ba haka ba ilimin ya bi gashin ya zube. Ya ce camfi ne. Jagoda ta ce, da Turanci kuwa, jimla cikakkiya, in ya kuskura ya je wurin wanzami ita da kanta za ta karya masa hannu. Na kusa faɗuwa. Jagoda!

Ƙafata ta kumbura. Leszek ya jiƙa mini tsumma yana dariya.

Talata, 20 ga Fabrairu

Tamanin da huɗu. Kati tsaf, ba kure ko ɗaya. Insha'i kalma ɗari biyu da arba'in da bakwai, ya rubuta adadin da katon rubutu ya ja layi biyu, don ya tsokane ni.

Na bi ta ɗakin da suke hirar Laraba makon jiya, na tsaya a bayan ƙofa. Yana yi musu wasan mai kantin takalmi, su masu dawo da kaya. Ihu suke yi masa da Turanci. Shekara huɗu ina lallashin waɗannan yaran su buɗe baki. Ban shiga ba.

Laraba, 13 ga Maris

Ya ɓata komai.

Gwajin jiya, insha'in a kan matasa masu barin garinsu ne, ribarsa da asararsa. Kalma ɗari huɗu da sittin ya rubuta. Bai ƙirga ba, ko ya ƙirga ya ƙi rubutawa. Ya ba da labarin ranar da suka baro Ingila, yadda ubansa ya kai su tashar bas ya tsaya yana gyara igiyar akwatin da ba ta kwance ba, don kada ya kalle su. Da yadda a can ake ce masa ɗan Poland, a nan kuma ɗan Ingila.

Na karanta sau biyu a teburin kicin, shayina ya huce. Tun da nake duba takardun yara ban taɓa karanta abu mai kyau irinsa ba, kuma akwai kalmomi uku da sai da na buɗe ƙamus. Na ba shi biyar cikin sha uku, don abin da za su ba shi ke nan a Mayu. Ba labari aka tambaya ba, riba da asara aka tambaya.

Da na miƙa masa yau ya dubi makin ya dube ni. "Kin ma karanta kuwa?" Na ce na karanta. Ya ce to jarrabawar da za ta ba wannan biyar ba jarrabawa ba ce, shirme ce, gara sito, a can aƙalla ba wanda ke ƙirga maka numfashi. Ya buga ƙofa har allon sanarwa ya karkace.

Ya kamata in ce masa rubutun ya yi kyau. Bakina ya ƙi.

Alhamis, 14 ga Maris

Ƙarfe uku, ni da agogo. Bai zo ba.

Talata, 19 ga Maris

Bai zo ba, aji ma kwana uku ba a gan shi ba. Ilona ta bugo waya, wai uban ya ce in ya gaji ya taho tun hutun Ista, me zai jira. Leszek ya ce, "Danka, ki je mana ki same shi." Na ce ni ba na bin ɗalibi gida, ban taɓa ba, ba kuma zan fara a kan mara kunya ba.

Laraba, 20 ga Maris

Na je. Ba gida ba, gidan burodin da uwar ke aiki, kuma dama burodi nake buƙata. Yana bayan kanta yana jera kwanduna, gashi ya rufe masa kunne.

Na ce masa abin da ya rubuta ya yi kyau, ya fi ƙarfin matura, ya ma fi ƙarfina. Da ƙyar maganar ta fito, kamar ana zare mini haƙori. Na ce amma mai duba takardarsa wata ce irina, a wani gari, da takarda ɗari uku a gabanta da ma'auni a hannu, ba za ta san shi ba, ba za ta tausaya masa ba. Ya ba ta ɗari biyu da hamsin ɗinta, ya shiga jami'a, can ya rubuta dubu in ya so.

Ya ce, "To wane rabin zan kashe?" Na ce gobe ƙarfe uku mu gani.

Na fito da burodi uku. Mu biyu ne a gidan, me za mu yi da burodi uku?

Alhamis, 21 ga Maris

Ya zo. Mun yanka insha'in tare, layi-layi, muna faɗa. Ya hana ni taɓa wurin igiyar akwatin, sai muka mayar da shi misali a ƙarƙashin asara, jimla biyu. Ɗari biyu da arba'in da tara. Ya ce ya zama kamar kazar da aka fige. Na ce figaggiyar ake ci.

Laraba, 10 ga Afrilu

Casa'in da uku! Na shiga ofishin Halina ba sallama na ajiye mata takardar a kan tebur. Ta ce, "Ba na gaya miki ko barci yake zai ci ba?" Allah ne ya rufa asiri akwai baƙo a ofishin.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Ranarsu ta ƙarshe a makaranta. Furanni, hawaye, hotuna. Bishiyoyin bakin ƙofa sun fara fure, duk shekara in na gan su sai in fara ƙirga kwanaki kamar ni zan zauna jarrabawar. Samarin ajin duk sun zama kamar tumakin da ba a yi wa sausaya ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Yau ce. Babbar takarda, ƙarfe tara.

Tun takwas da kwata ina bakin ƙofa. Malamar darasi ba ta shiga zaure, doka ce. Yara sun yi layi da fararen riguna, suna yi wa juna shurin sa'a da gwiwa a baya kafin su shiga. Ni ban taɓa yi wa ɗalibi ba, mutuncina ya fi haka. Sai ga Tymon ya zo ya juya mini baya. "Malama, naki nake so." Na ce ba na wannan shirmen. Yara suka ɗauki ihu, Malama, Malama. Na waiga ban ga Halina ba, na tattare siket na zuba masa gwiwa, da ɗan ƙarfi kuwa, na ramuwar dariyar watan Satumba ne.

Shi kuma ya juyo da ladabinsa na 'yan Ingila ya ce, "Na gode."

Kai, ka ji kururuwa! Jagoda ta dafe kai. "Ba a godiya, sakarai! Ka zubar da sa'ar!" Ya yi tsuru-tsuru, ba wanda ya taɓa gaya masa wannan ma. Ni da ba na camfi sai ga ni na cafko kafaɗarsa. Na ce juya! Na sake zuba masa, Jagoda ta toshe masa baki da hannu, haka suka tura shi ciki.

Na hau ɗakin malamai na tsaya a taga, daga nan ana ganin ƙofar zaure. Minti saba'in suka wuce, ba shi. Awa ɗaya da rabi, yara biyu suka fito, ba shi. Malamin lissafi ya kawo mini shayi, ya ce in zauna kada in huda musu bene. Awa biyu, suna ta fitowa uku-uku, suna cire tayen wuya. Na ƙirga ashirin da huɗu. Jagoda ta ashirin da biyar.

Sha ɗaya da rabi daidai aka buɗe ƙofa duka biyu, sai ga shi, na ƙarshe, tare da masu sa ido. Ya ɗaga kai ya nemo tagar, ya san ina nan, ɗan banza. Ya zana murabba'i a iska, kati ke nan, ya ɗaga babban yatsa. Sannan ya yi ihu tun daga ƙasa, duk makaranta na ji: "Ɗari biyu da arba'in da huɗu, Malama! Sau uku na ƙirga!"

Na buɗe tagar na ce ya rufe mini baki, nan makaranta ce ba kasuwa ba. Shayin kuwa a kan siket ɗina ya ƙare.

Laraba, 22 ga Mayu

An gama ta baka. Duk ashirin da shida sun haye. Jagoda ta fito tana kuka, wai har gardama ta yi da mai jarrabawar. Saura sakamakon rubutu, sai Yuli.

Talata, 9 ga Yuli

Takwas da rabi na safe sakamako ke fitowa a intanet. Na gaya wa Leszek ni ba zan zauna gadin waya ba, ina da aiki a lambu, kokwamba ta isa tsinka. Wayar dai tana aljihun rigata, don kada a bar ta a gida ta ɓace.

Takwas da minti arba'in, shiru. Na tsinke har da waɗanda ba su kai ba.

Tara saura kwata ta yi ƙara. Ban gane muryarsa ba da farko, haki yake yi, Ilona na kuka a bayansa. "Casa'in da bakwai, Malama! Casa'in da bakwai!" Lissafi da harshenmu ma ya haye, da ƙyar, amma ya haye. Bara da casa'in aka rufe ƙofar sashen. Ya riga ya bugo wa uban, uban ya ce to a nemi ɗaki a Lublin.

Na ce masa casa'in da bakwai maki hamsin da takwas ne cikin sittin, ina ya kai mini biyun? Ya yi dariya har yana tari. Ya ce, "Malama, ke dai ba za ki canza ba." Na ce ya je ya yi aski.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina zaune a kan bokiti a tsakiyar kunya. Na daɗe a wurin.

Da la'asar Leszek yake ta tsokanata, wai na bi lambunan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya da kokwamba a hannu, har da waɗanda ba ma gaisawa, ina cewa yarona ya ci casa'in da bakwai, yarona zai tafi jami'a. Ƙarya yake yi, tsufa ya fara taɓa masa kunne. Ɗalibina na ce.

Wataƙila sau ɗaya, a wurin matar mai zuma. Ita ma don ba ta ji sosai ne.